Ƙafar da Muttaka Ya Bari a Sake

A Jega har yanzu Muttaka Mai Rediyo ake ce masa, ko da yake an kwana biyu rabon da a kawo masa rediyo gyara. Mutumin Karaye ne ta ƙasar Maiyama, ɗa na huɗu a gidan wani manomi mai suna Tamu. Ya yi karatun allo gwargwado, ya gama firamare, daga nan boko ya tsaya, don gonar gero da fadamar shinkafa sun fi ƙarfin tsohon shi kaɗai. Shekara uku yana noma, amma hankalinsa na kan wata tsohuwar rediyon mahaifinsa da ta daina magana. Ya kwance ta ya ɗaure ya fi sau goma. Ranar da ta yi tari ta kama tasha, Tamu ya ce in an kai amfanin gona gida zai raka shi Jega wurin Malam Ƙasimu.

Malam Ƙasimu na da rumfar gyara a gefen kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, koyarwarsa kuma duk ta hannu ce da kunne da hanci. Zai miƙa wa Muttaka rediyo ya ce ya shinshina ya faɗa masa abin da ya ƙone. In murya ta fito da shuu, zai ce ya murɗa ɗan dunƙulen da ke ciki a hankali har sai ta washe. Bai taɓa gaya masa dalilin da ya sa take washewa ba, wataƙila shi ma ba a gaya masa ba. Shekara tara suka yi tare. Da tsufa ya zaunar da Malam Ƙasimu a gida, sai ya bar masa rumfar da ƙarfen dalma da wata mita mai allura. A shekarar ne Muttaka ya auri Maijidda, 'yar Aliero, suka kama haya a bayan tasha.

Sana'ar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, shi ma bai tsaya ba. Rediyo ta ja baya, ya koma talabijin da fanka. Wayar hannu ta zo, ya koyi canza gilashi da bakin caji. Da sola ta shigo ƙauyuka, yana cikin na farko da suka hau kwano suna ɗaura faifai. Masallatai da makarantun Islamiyya da masu rijiyar burtsatse daga Dangamaji har Karaye suka san lambarsa. An san shi da abu biyu: ba ya sa waya siririya inda ya kamata a sa mai kauri, kuma in ya ce zai zo ranar Laraba, to Laraba za a gan shi.

Abin da ke ci masa rai a aikin sola shi ne batir. Batir ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali yake sanyi, mutanen ƙauye kuma ba sa kira sai ya mutu murus. Ya taɓa yin wannan ƙorafi a gaban Ni'ima, ƙanwar Maijidda, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen lantarki na wata makaranta a Aliero. Da ta sake zuwa ganin yayarta, sai ta zo masa da wasu ƙananan alluna kore, kowanne bai fi akwatin ashana ba. Ta nuna masa yadda ake haɗa su: ɗaya yana ɗauke da layin waya yana aika saƙo, ɗaya shi ne ƙwaƙwalwar da ake rubuta wa umarni da kwamfuta, na ukun kuma, mafi ƙanƙanta, yana da wata 'yar baƙar ƙwaya a tsakiya. Aikin wannan ƙwayar ta ji ƙarfin wuta ta mayar da shi lamba. Ni'ima ta bar masa tsohuwar kwamfutarta da wata takarda mai shafi da yawa da Turanci, ta ce ya karanta kafin ya haɗa komai.

Ya gwada karantawa. Turancinsa na firamare ne, takardar kuma cike take da zane da ƙananan rubutu. Ya duba hotunan, ya gane inda wuta ke shiga, ya gane ƙafar da ake haɗawa da baƙar waya don allon ya tashi. Ya ga ƙafafu biyu na awo, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa. Wutar batir ta fi ƙarfin ƙwayar, don haka ya rage ta da rasista biyu, 'yan ƙananan kayan da ke tauye ƙarfin wuta, kamar yadda Ni'ima ta zana masa, ya kai ta ƙafar tarawa. Ƙafar ɗebewa kuwa ya bar ta haka nan ba a haɗe da komai ba. A ganinsa, tunda ya riga ya ba allon baƙar waya, magana ta ƙare.

Da ya kunna, lamba ta fito. Sai dai ta gaza abin da mitarsa ta hannu ke nunawa da kusan bolt ɗaya. Bai ɗauki abin da zafi ba. Shekara talatin yana murɗa abu har ya daidaita, sai ya buɗe kwamfuta ya ƙara ɗaya a lissafin. Akwati da mita suka yi baki ɗaya. Ya gwada kwana uku a rumfa, bai ga sun saɓa ba. Yana da shekara arba'in da bakwai a lokacin, kuma Maijidda ta ce ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan mako ba.

Akwati biyar ya haɗa a ranin nan. Na farkon ya kai shi wani ƙauye da ke gaba da Jiga Makera, inda mutanen gari suka gina ɗakin shan magani da kansu. Akwai ɗan firiji a ciki da ake ajiye allurar rigakafin yara, shi Muttaka ne ma ya ɗaura masa sola shekara uku kafin nan. Ma'aikaciyar wurin sunanta Hamida, mace mai kimanin shekara arba'in, ita ce nas, ita ce unguwarzoma, ita ce mai shara in mai shara ba ta zo ba. A Aliero take kwana, mijinta ke kawo ta kan babur da hantsi. Muttaka ya manna akwatin a bango kusa da batir, ya yi mata bayani cewa kullum da sanyin safiya zai aiko masa da ƙarfin batir a waya, in ya ga ya sauka ƙasa da sha biyu zai zo ba sai ta kira ba. Ta yi godiya sosai, ta ce dama abin da ke hana ta sukuni ke nan.

Har bazara ta wuce komai lafiya. Kowace safiya yana fitowa daga masallaci wayarsa za ta yi ƙara, ya duba, ya ga sha biyu da ɗigo biyar ko shida, ya mayar aljihu.

Damina ta sauka, ta yi ƙarfi a watan takwas. Aka yi kwanaki hadari bai buɗe ba. A irin wannan lokaci Muttaka ya san batir kan sha wuya, amma saƙon da ke zuwa bai taɓa sauka ƙasa da sha biyu ba. Ya ji daɗi, ya ce batirin nan mai rai ne.

Hamida ta kira shi a tsakiyar watan. Ta ce ta iske ruwa a ƙarƙashin firijin, kuma robobin ƙanƙarar da ke ciki sun yi laushi. Ya tambaye ta abin da ma'aunin sanyi ya nuna, ta ce lokacin da ta iso yana daidai. Ya ce to ai shi ke nan, wataƙila ƙofar ce ba ta rufu da kyau ba, ta duba robar bakin. Bayan kwana shida ta sake kira da magana iri ɗaya. A ranar yana kan kwanon wata makaranta a Dangamaji, ruwa na shirin sauka. Ya ciro waya ya karanta mata lambar safiyar nan.

"Malama Hamida, batir lahiya lau yake. Ga shi nan gabana, sha biyu da ɗigo huɗu."

Ta ce, "To, Malam Muttaka. Kai ka san aikinka. Ni dai abin da nig gani na faɗa maka."

Abin da ba wanda ya gani shi ne, batirin ya tsufa, hasken rana kuma bai isa ya cika shi ba. Kafin gari ya waye ƙarfinsa kan faɗi, firijin ya kashe kansa, ya yi awoyi a kashe. In rana ta ɗan ɗago sai ya tashi, kafin Hamida ta iso ya sake yin sanyi. Haka aka yi ta yi kusan wata guda.

Kowace kwalbar rigakafi tana da ɗan tambari a jiki wanda ke yin duhu in zafi ya taɓa ta da yawa. Ranar da aka sa za a yi wa yara allura, Hamida ta buɗe firiji ta ɗauko kwalaben baƙon dauro, ta ga tambarin ya rine. Ta ɗauko na gaba, haka. Mata na zaune a inuwar darbejiya da goyo, cikinsu har da matan wata rugar Fulani da suka tako tun safe da yara bakwai. Ta fita ta ba su haƙuri, ta ce maganin ya lalace, ba za ta yi wa ɗan kowa allurar da ba ta da amfani ba, su dawo in an kawo sabo. Sannan ta kira Muttaka. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai gaya masa abin da ya faru.

Washegari tun kafin asuba ya hau babur ya bar Jega. Ya isa rana ba ta fito ba, mai gadi ya buɗe masa. Firijin shiru. Ya ɗora mitarsa a kan batir, ta nuna sha ɗaya da ɗigo uku. Yana durƙushe a wurin wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Akwatin da ke bango, taku ɗaya daga inda yake, ya aiko masa cewa sha biyu da ɗigo huɗu ne.

Ya ciro akwatin ya wuce Aliero da shi. Ni'ima ta buɗe a kan teburin aikinta, ta bi wayoyin da tsinken biro ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan ƙafar da babu dalma a jikinta.

"Yaya Muttaka, wagga ƙafa fa? Ina tat tahi?"

Ya ce ba ta je ko'ina ba, ai ya ba allon baƙar waya ta wancan gefen. Sai ta yi masa bayani a hankali, ba tare da ta dube shi ba. Ta ce baƙar wayar da ya sa ta ciyar da allon ce kawai. Ita wannan ƙwaya ba ta san ƙarfin waya ɗaya ba, abin da take aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙafafun nan biyu. In mutum na son ƙarfin batir kaɗai, dole ya ɗaure ƙafar ɗebewa a baƙin kan batir, can a jikin kan, don ta zauna a sifiri. In an bar ta a sake, takan ɗauki duk abin da ta samu. A rumfarsa da rani ta ɗan ɗauki wuta, shi ya sa lamba ta gaza, shi kuma ya cike da hannunsa. Da danshin damina ya kwanta a kan allon, ƙafar ta sauko kusa da sifiri da kanta, bolt ɗayan da ya ƙara a lissafi kuwa yana nan bai tafi ba.

Ta yanko waya da ba ta kai tsawon yatsa ba, ta liƙe ƙafar, ta goge ƙarin da ya yi a lissafi. Ta hura wa allon numfashi, ta taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa, lamba ba ta motsa ba. Ta ƙara da cewa haɗin nan yana sa a yi amfani da rabin iyakar ƙwayar kawai, tunda batir ba ya komawa ƙasa da sifiri, amma rabin ya ishe shi har ya yi yawa. Ta ce laifinta ne da ba ta duba aikin ba kafin ya kai. Ya ce a'a. Takarda ta ba shi, kuma ranar da ya ga lamba ta gaza ya kamata ya tambaya. Ban da haka ma, sau biyu wadda ke tsaye a gaban firijin ta kira shi.

Ya koma ƙauyen a ranar. Ya nemi mai gari da dattawan da ke kula da ɗakin maganin, ya zauna a ƙasa a gabansu ya faɗi abin da ya faru tun daga farko. Wasu sun so a ɗora wa Hamida, don ita ke riƙe da mabuɗi. Ya ce ta yi abin da ya kamata, shi ne ya ƙi ji. Ya sa sabon batir ya mayar da akwatin. A mako guda ya zaga sauran huɗun, Dangamaji da Karaye da biyu a cikin Jega, kowanne ya buɗe ya liƙe ƙafar, kowane mai wuri kuma ya gaya masa dalili, har waɗanda ba su tambaya ba.

Sabon magani ya iso bayan mako uku. Matan gari suka dawo da yaransu aka yi musu. Mutanen rugar ba su dawo ba. Gonaki sun matse musu hanyar shanu, sun tashi sun yi kudu, ba wanda ya san inda suka sauka.

Sai da zafi ya shigo na shekara mai bi Muttaka ya ji sauran labarin. Ya je wanke faifan sola, ya ga Hamida ba ta sake da shi kamar yadda ta saba ba. Ya matsa mata da tambaya. Ta ce rugar ta dawo, suna bakin fadama, kuma baƙon dauro ya shiga cikinsu a inda suka yi rani. Yara huɗu sun kwanta, uku sun tashi. Wadda ba ta tashi ba sunanta Bushira, 'yar shekara ɗaya da rabi, 'yar wani makiyayi Jibrilla. Tana cikin bakwai ɗin da aka mayar. Hamida ta ce ta yi niyyar kada ta gaya masa, don ba wanda zai iya rantsewa cewa da an yi allurar da yarinyar ta rayu, amma ta ga in ya ji a bakin wani zai fi masa ciwo.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. Maijidda ba ta yi masa dogon lallashi ba. Ta ce zaman ɗaki ba zai sauke masa komai ba, in yana da magana da uban yarinyar ya tashi ya je ya yi ta.

Ya sami Jibrilla da la'asar yana ɗaure maruƙa. Dogon mutum ne siriri, ya girmi Muttaka kaɗan, Hausarsa tsaf. Ya shimfiɗa masa buzu, suka gaisa, Muttaka ya yi masa ta'aziyya. Sannan ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ya haɗa, da abin da ya bari bai haɗa ba. Bai san ko mutumin ya gane zancen ƙafa da lamba ba, amma ya ga ya gane cewa an kira shi sau biyu bai zo ba.

"Da munka zaka anka ce magani ya ɓaci, na zaci ƙi ne aka yi muna," in ji Jibrilla. "Na riƙe matar nan a raina wata bakwai. Ashe ba ita ba ce."

Muttaka ya ce ba ita ba ce, shi ne, kuma ya zo neman gafara.

"Kwanan Bushira ya ƙare, Malam. Wanda ya ba mu ita shi ya karɓa. Na yahe maka nawa. Na uwarta kuwa ba ni iya yahe maka shi, sai in ta ga dama, kuma ba yau ba."

Bai nemi ganin uwar ba. Da zai tafi, Jibrilla ya ce akwai yara tara a rugar da makwabtanta da ba a taɓa yi musu allurar ba, kuma matan sun ce ba za su sake taka wannan hanya a mayar da su ba. Muttaka ya kai wa Hamida maganar. Ranar Alhamis mijinta ya ɗauko ta a babur, Muttaka na biye da akwatin sanyi ɗaure a bayansa, suka bi ta gefen fadama har rugar. Takwas aka kawo. Uwar Bushira ba ta fito daga bukka ba, kuma ba ta bari an ɗauki ɗanta na fari ba. Sai a zuwa na uku, bayan wata biyu, wata tsohuwa ta riƙo hannun yaron ta kawo shi. Muttaka na can nesa wajen babur, inda yakan tsaya.

Yanzu ya haura hamsin. Akwatunansa sun kai ashirin a ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama, kuma masu gyara kan zo rumfarsa su ga yadda ake haɗawa. Yakan nuna musu komai, ba ya ɓoye sana'a. In sun zo kan ƙafar ɗebewa yakan ajiye ƙarfen dalma ya ba su labarin ɗakin maganin, ba ya rage nasa laifin, sunan yarinyar ne kawai ba ya faɗa. Duk akwatin da ya kai wuri, sai ya koma da mitar hannu sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina ya gwada su tare. In mai wuri ya kira ya ce ya ga abin da bai gane ba, ba ya karanta masa lamba a waya, babur yake hawa.

Hamida an mayar da ita wani gari bara. Jibrilla kuwa yakan shigo Jega ranar kasuwa in suna kusa. Wani lokaci yakan biyo ta rumfar da fitila ko waya da ta ƙi caji, ya zauna a benci har a gama. Sukan yi hirar ruwa da ciyawa da lafiyar shanu. Daminar da ta wuce ya ce matarsa ta haihu, mace, kuma an kai ta ɗakin maganin an yi mata allurar farko. Muttaka ya yi masa barka, ya tambayi ranar da za a koma, ya ce zai leƙa firijin kafin ranar.